Murnar da Fari Ba Ya Kashewa

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Babankatami da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ga na Buza da Karofane da Tama da Tabotaki, ga na Madawa da Keita, har da 'yan ci-raninmu da ke kama mu ta wayar salula daga Kano, Legas, Abijan ko Agadas.

Sharhinmu na yau ya taso ne daga wata tambaya da ake yawan yi wa Kirista a wannan ƙasa tamu, wani da mamaki, wani da tausayi. Sai ka ji an ce: "Ku mutanen nan, me ya sa ba ku rabo da waƙa? Ga rumbu ya yi ƙasa, ga yaro kwance ba lafiya, ga maigida ya tafi ci-rani shiru babu aike, amma ranar Lahadi sai a ji ku da ganga da tafi. Ba ku ji ne, ko ba ku gani ne?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Ni Kirista ne, da bakin Kirista zan amsa. Amma 'yan'uwanmu Musulmi, ku ma ku ba ni aron kunnuwanku, domin wuyar da zan ambata ba ta tambayar addinin kowa kafin ta shiga gidansa.

Mu mutanen Adar da kwarin Majiya da na Tarka ba a ba mu labarin wuya, don da ita muka tashi. Kakanninmu sun ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974 wanda ya ƙarar da garken makiyaya. Da yawa cikin masu sauraro sun ga 1984 da idonsu, shekarar da muke kira El-Buhari, saboda fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari. A 2005 kuma, bayan fara da ƙarancin ruwan daminar da ta gabata, mata sun koma daji neman anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita a samu abin sa wa a baki. Ko a shekarar da babu fari, kowa ya san tsakanin shuka da fitowar sabon hatsi, sa'ad da tiya ke tsada, aikin gona ke neman ƙarfi, sauro kuma ke kwantar da yara.

Shekarun nan na baya ma ba su raga mana ba. A watan Maris na 2021, 'yan bindiga sun kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, nan cikin jiharmu ta Tawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, magani da abinci suka yi tashin gwauron zabi, masu albasa suka rasa yadda za su yi da kayansu. Da daminar 2024 kuma ambaliya ta ci rayuka fiye da 300, ta shafi mutane fiye da miliyan 1, har tsohon masallacin Damagaram mai tarihi ya rushe. Duk wannan, Musulmi da Kirista tare muka sha shi.

Sai dai Kiristan wannan yanki yana da wani ƙarin kaya a kansa, wato kaɗaici. Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Tun 1924 ma'aikatan mishan na SIM suka sauka Damagaram, daga baya suka kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, amma har yau a ƙasar Buza da Keita da Madawa masu bi ba su da yawa. Wani malamin lakwal ne da aiki ya kawo shi daga nesa, wata ma'aikaciyar gidan likita ce, wani kuma gida ɗaya ne tak a cikin gari. Akwai wanda sai ya yi doguwar tafiya kafin ya sami 'yan'uwan da za su yi sujada tare. Akwai wanda danginsa suka janye jiki daga gare shi. To, mai irin wannan hali, ina ya samo murna?

Kafin in amsa, bari in kawar da amsoshi biyu da ke yawo a cikin ikilisiya, waɗanda ba su da tushe, kuma suna cutar da mutane.

Ta farko ita ce cewa mai bi ba ya kuka. Akwai masu zuwa gidan makoki su tarar da gwauruwa tana hawaye su ce mata, "Haba 'yar'uwa, share fuskarki, ina bangaskiyarki?" Wannan magana ba ta da gindin zama a Littafi Mai Tsarki. Ayuba ya zauna cikin toka ya yi kuka har ya la'anci ranar da aka haife shi. Annabi Irmiya ya yi makokin birninsa da aka rushe. Zaburar Dauda cike take da koke-koken mutumin da ruwa ya kai masa wuya. Ubangiji Yesu da kansa hawaye sun zubo masa a bakin kabarin abokinsa Li'azaru, a lambun Getsamani kuma baƙin ciki ya danne shi. In Ubangiji bai ɓoye hawayensa ba, wa ya ba mu izinin hana uwar da ta binne ɗanta zubar da nata? Dariyar dole da ake yi don gudun maganar mutane riya ce, kuma riya ba ta warkar da zuciya.

Ta biyu ita ce wa'azin da ke shigo mana ta waya da talabijin daga manyan birane, mai cewa duk wanda yake da bangaskiya ta ƙwarai ba ya talauci, ba ya ciwo. Ka kawo kuɗi ka "shuka iri" wurin mai wa'azi, Allah zai ninka maka. Jama'a, manomin Babankatami da ya yi noma uku ruwa ya ɗauke masa ana tsakiyar fitar kai, rashin bangaskiya ne ya hana hadari zuba? Wannan koyarwa tana ɗora wa talaka laifi a kan yunwa, ta kuma raba shi da ɗan abin da ya rage masa. Almasihun da muke bi a komin dabbobi aka kwantar da shi, a gidan masassaƙi ya girma. Manzo Bulus da ɗinkin tanti ya ciyar da kansa. Duk wanda ya yi maka alkawarin addini marar wuya, aljihunka yake kallo.

To, daga ina murnar take fitowa? Ina ganin rijiyoyi uku ne take sha daga gare su.

Ta ɗaya, mu Kiristoci mun gaskata cewa Allah bai tsaya daga nesa yana kallon wahalarmu ba. Mun gaskata ya zo cikin Yesu Almasihu, ya ji yunwa da ƙishirwa da gajiya, abokai suka gudu suka bar shi, aka yi masa shari'ar zalunci, aka gicciye shi, a rana ta uku kuma ya tashi. Wannan ne ginshiƙin bangaskiyarmu. Ma'anarsa ga mai shan wuya ita ce: babu ramin da za ka faɗa wanda Ubangijinka bai riga ka shiga ba, kuma mutuwa ma, wadda ita ce ƙarshen abin tsoro, ba ita ke da magana ta ƙarshe ba. Wanda ya riƙe wannan a zuciya yana iya kwana da yunwa bai kwana da fid da rai ba.

Akwai wani annabi da ya kamata kowane manomi ya sani, sunansa Habakuk. Ɗan littafinsa babi uku ne kawai. Ya fara shi da ƙara, yana tambayar Allah dalilin da ya sa mugunta ke cin karenta ba babbaka. Amma a ƙarshe sai ya lissafa duk abin da manomi da makiyayi ke tsoro, gona ba amfani, itatuwa ba 'ya'ya, garke ba dabba, ya ce ko duk waɗannan sun auku, shi dai ya ƙudura zai yi farin ciki da Allahnsa. Ku lura, bai jira damina ta gyaru ba tukuna. Ya ɗaura farin cikinsa a kan wanda ba ya sakewa, shi ya sa sakewar yanayi ba ta kwance shi ba.

Rijiya ta biyu ita ce zumunci. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ikilisiya ta gaskiya ƙafa gare ta. Duk wanda ya san Zumuntar Mata ya san abin da nake nufi. Mata ne da su ma ba su da shi, amma in wata ta haihu ko ta yi rashi, sai ka gan su a jere, wannan da tiyar hatsi, waccan da sabulu, wata da ƙullin kuka da daddawa, wata kuma hannu kawai ta kawo ta yi daka ta ɗebo ruwa. Su zauna, su yi addu'a, su yi kuka tare, kafin su tashi an rera waƙa. Matsalar ba ta gushe ba, amma matar ta san ba ita kaɗai ba ce a duniya. Rabin nauyin wuya kaɗaici ne, in aka ɗauke shi, sauran yana ɗaukuwa.

Haka abin yake tun farkon ikilisiya. A birnin Filibi, a arewacin ƙasar Girka ta yau, aka yi wa Bulus da abokin tafiyarsa Sila dukan tsiya, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare sai sauran 'yan sarƙa suka ji su suna addu'a da waƙar yabo. Su biyu ne, ɗaya yana ƙarfafa ɗaya. Da girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofi, ba su tsere ba. Sun tsaya sun hana yari kashe kansa, mutumin da ya kulle su. Bayan shekaru, Bulus yana ɗaure a wani kurkukun ya rubuta wa masu bi na Filibi wasiƙa mai babi huɗu, wadda a cikinta ya ambaci murna da farin ciki fiye da sau 10. Ɗan sarƙa ne ke lallashin waɗanda suke waje.

Rijiya ta uku ita ce hidima, kuma a nan nake so mu daɗe kaɗan, don ita ce shaidar da ido ke gani. Ikilisiyoyin Makidoniya, wato yankin da Filibi take, matalauta ne ƙwarai, amma da aka yi shelar taimakon masu bi na Urushalima da ke cikin rashi, su ne suka roƙa a bar su su ba da nasu. Bulus ya shaida cewa da farin ciki suka bayar, har fiye da ƙarfinsu. Mutumin da wuya ta mai da shi mai karɓa kullum, ranar da ya miƙa wa wani hannu, ranar yake tuna cewa shi ma mutum ne mai daraja a gaban Allah.

Ba sai mun je Girka neman misali ba. Ku bi babbar hanya daga Madawa zuwa Ƙonni, ku tsaya Galmi, garin da albasarsa ta yi suna a Afirka ta Yamma. A can a 1950 aka buɗe asibitin mishan, Dakta Burt Long ne likitansa na farko. Fiye da shekara 70 ke nan ƙofarsa a buɗe take. Daga Buza, daga Keita, daga Tawa, daga Sakkwato da Zamfara, ana kai mai naƙuda da ta gagara, da wanda ya karye a hatsarin babur, da yaron da tamowa ta kama. Mafi yawan masu jinya Musulmi ne, kuma ba a tambayar kowa addininsa kafin a duba shi. Ma'aikatan, 'yan ƙasa da baƙi, suna ganin mutuwa kusan kullum, duk da haka da addu'a da waƙa suke fara aiki. A Danja kusa da Maraɗi kuma, tun 1956 ake kula da kutare, mutanen da duniya ta guje su, a 2012 aka ƙara cibiyar gyaran mata masu yoyon fitsari. Wanda ya taɓa ganin fuskar matar da ta warke ta koma gidanta a bushe bayan shekarun kunya, ya ga irin murnar da muke magana a kanta.

Ga wani misalin da ya shafi kowace gona. A 1981 wani matashi ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya zo Maraɗi aikin mishan, aka ba shi dashen itatuwa. Ya dasa, iska da rana da awaki suka cinye mafi yawansu, har ya kusa fid da rai. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa a cikin wannan ƙuncin ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya don rage iskar tayar mota saboda rairayi, sai ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututture ne mai saiwa da ranta a ƙasa. In an zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, itace zai tashi ba tare da dashe ko ban-ruwa ba. Yunwar 1984 ce ta sa manoma da yawa suka gwada, a ƙarƙashin aikin da ake biya da abinci. Wannan shi ne sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Manoman Nijar ne suka yi aikin da hannunsu, mafi yawansu Musulmi. Addu'ar mutum ɗaya a ranar ƙunci ta zama inuwa ga miliyoyi.

Cikin itatuwan da suka dawo gonakinmu akwai gawo, kuma shi ne kwatancin da ya fi dacewa da murnar mai bi. Da damina, sa'ad da kowane itace ke kore, gawo ba ya nuna kansa. Sai rani ya tsananta, sauran sun kaɗe, sannan yake fid da ganye, ya ba makiyayi inuwa, ya zubar wa dabbobi 'ya'ya. Asirinsa saiwa ce da ta nutsa har inda ruwa yake. Murnar da ta dogara ga Allah ma a lokacin rani ake gane ta, kuma amfaninta na maƙwabta ne.

An gwada wannan murna da wuta a ƙasarmu. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Mutum 10 suka rasa rayukansu. A Yamai kaɗai 'yan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta. A Damagaram ɗaruruwan Kiristoci suka fake a barikin soja. Kiristan Nijar ba shi da hannu a wancan zane, kuma bai ji daɗinsa ba. Me ya biyo baya? Shugabannin ikilisiya, na Katolika da na bishara, suka fito suka yi kira ga gafara, ba a ɗauki fansa ba. Ba a daɗe ba masu bi suka koma sujada a cikin kangon da ya yi baƙi da hayaƙi, wasu a ƙarƙashin rumfa. Dole kuma a faɗi wannan da babbar murya: a waɗannan ranaku akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu, akwai malamai da suka yi tir da abin da ya faru. Ba mu manta alherinsu ba, Allah ya saka musu.

Haka kuma Fada Pier Luigi Maccalli, limamin Katolika ɗan Italiya da aka sace a Bomowanga ranar 17 ga Satumban 2018, aka riƙe shi a hamada har Oktoban 2020. Da ya fito, ya faɗa a fili cewa ya yi kuka, ya ji kamar Allah ya yi shiru, amma ya yafe wa waɗanda suka ɗaure shi. Gafara ba ta share laifi a gaban hukuma, shari'a tana da aikinta. Abin da gafara ke yi shi ne ta hana wanda ya ƙone maka ɗaki ya ƙone maka zuciya. Zuciyar da ke dakon ƙiyayya ba ta da wurin ajiye murna.

Na san akwai mai sauraro, wataƙila matashi mai karatu, da zai ce: "Malam, wannan magana taka ba maganin barci ba ce? Ku koya wa talaka waƙa, ya manta da haƙƙinsa, masu mulki su huta?" Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, kuma akwai inda aka yi amfani da addini haka. Amma dubi misalan da na kawo. Wanda ya gina asibiti bai yi barci ba. Wanda ya tsaya ya duƙa ya dubi kututture bai yi barci ba. Bulus ɗin nan da ya yi waƙa da dare, da gari ya waye ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, ya ce sai mahukuntan da suka dake shi ba bisa doka ba sun zo da kansu sun fitar da shi. Fid da rai shi ke kwantar da mutum. Mai bege shi ke tashi da asuba ya haƙa tassa da rabin-wata a faƙo, don yana sa ran ruwa zai zo. Ƙasarmu ta ga irin wannan himma: layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, da aikin Keita da ya fara a 1984, inda mata suka ɗauki duwatsu a kai suka farfaɗo da tuddai alhali maza suna ci-rani. Kirista mai murnar gaskiya wurinsa yana cikin irin wannan gayya, kafaɗa da kafaɗa da maƙwabcinsa. Yana kuma da bakin tambayar magajin gari da 'yan majalisa ina rijiya, ina magani, ina malaman lakwal.

Saboda haka ga kirana.

Ga ke 'yar'uwa da maigida ya tafi ya bar ki da yara da gona: kukanki ba zunubi ba ne. Ki kai shi gaban Ubangiji yadda yake, kada ki yi masa ado. Sannan kada ki kulle kanki a ɗaki. Ki nemi 'yar'uwa ɗaya da za ku riƙa addu'a tare, ko da ta waya ce.

Ga kai ɗan ci-rani da ke can nesa: aike ba kuɗi kaɗai ba ne. In hannu bai samu ba, murya ta samu. Ka kira gida, ka faɗi gaskiyar halin da kake ciki. Kunyar dawowa hannu sake ta hallaka samari da yawa a hamada da teku, alhali uwa ɗanta take so ta gani.

Ga iyaye maza: ku tara iyali da dare ko na ɗan lokaci ne, a karanta Maganar Allah, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah dominsa a ranar. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, albarkacin aikin Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ɗan lakwal ya karanta masa. Yaron da ya tashi yana jin godiya a bakin ubansa a shekarar fari, ya gaji abin da ya fi gona.

Ga fastoci da masu bishara da dattawan ikilisiya: ku auna aikinku da yawan gidajen da kuka taka, ba da nauyin baiko ba. In an yi bikin godiya da kaka, a ware dami a ajiye don lokacin da hatsi zai yi tsada, kamar yadda Yusufu ya tanada a Masar. In lokacin rabo ya zo kuma, a fara da gwauraye da marayun unguwa, ba tare da tambayar inda suke sujada ba. Ku bar masu makoki su yi makoki, ku zauna tare da su. Wani lokaci shirun mai ta'aziyya ya fi wa'azinsa.

Ga 'yan'uwanmu Musulmi: kun san haƙuri, kun san tawakkali, kun san godiya ga Allah a kowane hali, mun kuma koyi abubuwa da yawa daga gare ku. Rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, hadari ɗaya muke duba. In kun ji waƙa na tashi daga ɗan ɗakin sujadarmu a shekarar wuya, ku sani ba raina wuyar muke yi ba, ƙarfin ɗaukarta muke nema. Mu ci gaba da zuwa sunan juna da jana'izar juna, kada mu bar baƙon tunani ya raba abin da kakanni suka haɗa.

Jama'a, amsar tambayar da aka yi mana ke nan. Muna ji, muna gani, muna kuma kuka. Amma mun san wanda muka dogara gare shi, muna da 'yan'uwa, muna kuma da aikin yi. Duk murnar da ba ta kai mai ita ƙofar maƙwabci mai yunwa ba, a sake duba ta. Don haka kafin wannan mako ya ƙare, kowa ya dubi gida ɗaya a unguwarsa da ya fi nasa ƙunci, ya taka ya je, da tiya ko da gaisuwa.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya zaunar da Nijar lafiya.